Akwatin Bes Mai Sa Atishawa

Shekaranjiya wani saurayi ya tsaya a ƙofar shagona nan Funtua, ya ɗora ƙafa kan benci yana kallona ina shafa wa katako gam. Ya daɗe yana kallo kafin ya ce, "Baba, wai wannan ma sana'a ce? Katako shida ne fa, sai rami a gaba." Na ce masa gaskiyarka ɗana, tuwo ma gari ne da ruwa, je ka tuƙa mana mu ci. Abokansa suka kwashe da dariya, shi kuwa ya sauke ƙafa. To tunda ku 'yan yanzu kun ɗauka duk wani sauti daga cikin waya yake fitowa da kansa, ku gyara zama in ba ku labarin akwati ɗaya. Sunana Habu. Na haura shekara talatin ina haɗa akwatin lasifika ina gyaran amfilifaya, kuma akwatin da zan ba ku labarinsa shi ne ya fi kowanne kunyata ni.

Aikin farko da maigidana, marigayi Malam Iro mai rediyo, ya bari na sa wa hannu, amfilifayar wani masallaci ce da ladani ya ɗauko daga Mahuta a cikin buhu. Ya ce da an kunna ta sai ta yi gurnani ta ɗauke. Ni kuwa lokacin na shekara biyu ina share shago ina miƙa kaya, hannuna ƙaiƙayi kawai yake yi. Na zaro sukudireba zan far mata, sai na ji bugu a bayan hannu. Malam Iro ko kallona bai yi ba, ya dubi ladani ya ce, "Malam, ina take kwana?"

Ladani ya yi sororo. "Kwana kuma? A kan taga take, gefen liman."

"Tagar a buɗe?"

"Ai tun da aka gina masallacin ba a sa mata murfi ba."

Malam Iro ya ce in buɗe a hankali. Ina ɗaga murfi sai ga gidan zanzaro ya kai dunƙulen hannu, ya haɗe wayoyi biyu da laka. Muka ɓamɓare, muka goge, ta tashi garau, ko ƙwaya ɗaya ba mu canza ba. Da ladani ya tafi ya ce mini, "Habu, kaya ba a shago yake lalacewa ba, a gidan mai shi ne. Kafin ka ɗauki sukudireba, ka tambayi inda ya kwana." Na ce na ji, kuma na riƙe maganar shekaru masu yawa, har zuwa lokacin da na fara jin cewa ni ma na zama wani abu.

Kayan aikinmu ba su da yawa, ga su nan kuna gani. Ƙarfen liƙi biyu, ɗaya na lantarki ɗaya na gawayi, don wutar nan tamu ba ta shawara da kowa in za ta tafi. Sai dalma, da mita, da zarto, da gam, da batirin tocila. Kada ku raina batirin nan. Da shi nake gane gaban sifika da bayanta: in taɓa wayoyinta da shi, in ga ta turo takardarta waje ko ta ja ciki. Ka haɗa sifika biyu, ɗaya na turawa ɗaya na ja, za ka gan su suna ta rawa amma sauti fayau, ka ƙare da zagin wanda ya sayar maka da amfilifaya alhali bawan Allah bai yi maka komai ba. Babban kayan aiki kuwa tafin hannu ne. Akwati na aiki zan dafa gefensa in ji inda yake karkarwa. Akwatin kirki sifikarsa ce kaɗai ke motsi, shi kansa ƙyam yake tsaye.

Ita kuma bes, wato gitar nan mai tsirkiya huɗu masu kauri, halinta daban ne. Murya da fiyano kunne suke nema, ita ƙirji take nema. Iska take turawa, iska mai yawa, shi ya sa take son babbar sifika da akwati mai faɗin ciki. Ramin nan na gaba da saurayin ya yi wa dariya, ta nan akwati yake numfashi, kuma faɗinsa da zurfinsa duk a aune suke. In ka toshe shi, ko ka cika wa akwati ciki da wani abu, ka shaƙe shi ke nan. Amma ku ina ruwanku da wannan? Lambar da aka manna a jiki kuke dubawa. Wani ya shigo mini da akwatin roba da yake ɗauke da shi da yatsa biyu, wai an rubuta wat dubu biyar. Na ce Allah ya sa albarka, ka jona masa injin niƙa ma ka huta. Ku riƙa ɗaga kaya kuna jin nauyinsa, ku leƙa girman maganaɗisun da ke bayan sifika. Kada ku ɗora wa amfilifaya ɗaya akwati huɗu don kun ga ramukan jonawa, za ta yi zafi ta mutu a tsakiyar bikin mutane. In da janareto za a yi aiki, a bar shi ya daidaita tukuna, kuma amfilifaya ita ce ta ƙarshen kunnawa, ita ce ta farkon kashewa. Wanda kuma ya sake jona bes a ƙahon lasifika irin na masu tallan magani, don Allah kada ya kawo mini gawar.

Akwatin da na fi alfahari da shi, Ɗanlami na haɗa wa, mutumin Dayi. Manomi ne, da damina ba ka ganinsa sai a gona, amma da an kai amfani gida sai ya saɓi gitarsa ya bi ƙungiyar Sale mai fiyano ta Malumfashi suna zaga bukukuwa. Dogo ne, shiru-shiru, in yana kaɗa bes ko murmushi ba ya yi, sai ka ce ta'aziyya ya zo. Amma yatsun nan nasa da fartanya ta busar, in suka hau tsirkiya, wallahi sai ka ji ƙafarka tana motsi ba da izininka ba.

Kwana tara na yi a kan akwatinsa. Katako mai kauri na zaɓo, na sa sifika mai inci goma sha takwas, na liƙe kowace kusurwa da gam da garin katako, na shimfiɗa masa auduga a ciki wadda na samo wajen masu gurza. Da na gama na kunna kyandir na bi kowace gaɓa da shi ana kaɗa bes, harshen wutar ko gezau. Mutum biyu ke ɗaga shi, su ma sai sun ambaci Allah. Ranar da ya zo ɗauka na bugi ƙirji na ce, "Ɗanlami, akwatin nan ko tururuwa ba ta da ƙofar shiga sai ta ramin gaba." Ashe ya kai maganar nan gida ya faɗa wa matarsa Laure, ita kuma ta adana ta.

Sai ga shekarar nan da aka hana taro saboda annoba. Ku wasunku kun ji daɗinta, ba makaranta. Mu kuwa ta gwada mana. Ba biki, ba suna da kiɗa, ba taron siyasa, har masu kawo na masallaci suka ɗauke ƙafa. Ni da nake haɗa akwatin da ke girgiza unguwa, na koma gyaran tocila da fanka, ina sassaƙa kujera 'yar tsugunno da ragowar katako. Ko da aka saki gari, mutane ba su koma yadda suke ba. Aka koyi ƙaramin biki, a kira mutum ɗaya da fiyano ya yi komai. Sale kuwa ya ɗanɗana wannan ya ji daɗi: hannun dama na waƙa, hannun hagu na yin bes, mai ganga kuma yana cikin na'ura ba ya neman abinci. Ɗanlami ya koma gona gaba ɗaya. Akwatinsa ya yi damina a ɗaki, ya yi kaka, ya yi rani, ba wanda ya kunna shi.

Da bazara, rana na dukan kwano, sai ga Ɗanlami a kan babur da amfilifayarsa ɗaure a baya cikin bargo. Akwatin bai zo da shi ba, don babur ba ya ɗaukarsa. Bayan mun gaisa ya zauna ya rafka tagumi, har sai da na ce, "To, an yi mutuwa ne ko fuskar ce dai ta kullum?"

Ya ce, "Malam Habu, akwai biki a garinmu sati biyu masu zuwa. Hajiya Babba, gwaggon Laure, za ta aurar da autanta, ta ce ita ƙungiya cikakkiya take so irin ta da. Oga Sale ya ce zai zo da ni, amma da sharaɗi."

"Wane sharaɗi?"

"Ya ce hannunsa na hagu yana yin aikina, kuma ba ya cin kuɗin mota. In ranar mutane ba su ji bambanci ba, in rataye gitata, kada in sake jiran kiransa." Ya ƙara da cewa, "Shekara goma sha huɗu ina bayansa, Malam. Ni ban iya komai ba sai noma da wannan."

Na ce, "To ai shi ke nan, ka je ka nuna masa."

Ya ce, "Nan ne matsalar. Na ari janareto na gwada a zaure, sautin ya mutu. Ba ya fita, kuma akwai wani shuu-shuu a ƙarƙashinsa kamar ana sheƙar tsaba a faifai."

Na jona amfilifayarsa a akwatin gwaji na shago, na miƙa masa gita. Ya taɓa tsirkiya, sauti ya fito tas, har mai shayin da ke gefe ya leƙo. Na ce, "Ka ji? Lafiyarta ƙalau. Janareton da ka ara ne ba ya ba da wuta sosai. Nemi wani." Ya yi godiya ya ɗaure kayansa ya kama hanya.

Bayan kwana huɗu ya dawo, ya ƙara baƙi. Ya ce ya gwada da janareton mai cajin waya, ya gwada da na mai aski, duk kanwar ja ce. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce a hankali, "Malam, ko dai akwatin ne?"

Kai, ranar na yi faɗa! Na ce, "Akwatin wa? Akwatin da na yi kwana tara a kansa? Ɗanlami, ka je Kano ka je Kaduna, in ka samo irinsa in bar maka shagon nan." Bawan Allah ya yi ta ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifi. Don in nuna masa na yi aiki, na buɗe amfilifayar da ba ta da ciwon komai, na cire mata kwandansa biyu masu lafiya, 'yan gwangwanayen nan da ke riƙe wuta, na sa sababbi, na sake liƙe wayoyin da ba su kwance ba. Ya ce, "Ni dai na ga akwatin ya ƙara nauyi ma, da ƙyar muka fito da shi zaure." Na ce, "Ba akwati ne ya ƙara nauyi ba, kai ne ka tsufa." Kun ji fa. Mutum ya kawo mini amsa har ƙofar shago, na mayar da ita wasa. Tambayar Malam Iro kuwa ko a raina ba ta zo ba.

Ana gobe biki ya bugo mini waya, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Malam, yana nan yadda yake." Na ce ya kwantar da hankalinsa, gobe zan zo da kaina in nuna masa inda yake kuskuren jonawa. Har lokacin ina ganin laifin nasa ne.

Da safe na zuba mita da sukudireba da burushi a jaka na nufi tasha. Motar Malumfashi ta cika da wuri, amma ta Dayi sai da muka yi zaman jiran mutum biyu har aka kira azahar. Ban isa gidan biki ba sai bayan la'asar, an riga an fara. Wunin mata ne, an kafa rumfa a filin ƙofar gida, manyan mata a kujerun gaba, Hajiya Babba a tsakiya da leshinta fari sol. Makaɗa na gefe a gindin dalbejiya. Akwatina kuwa an girke shi yana fuskantar kujerun gaba, bai fi taku biyar tsakaninsa da Hajiya ba.

Tun daga nesa na ji abin da Ɗanlami yake faɗa. Yatsunsa na tafiya, gumi na zuba, amma abin da ke fita bai wuce gunaguni ba. Na kalli Sale, hannunsa na hagu tuni ya sauka kan fiyano yana cike gurbin, yana yi yana girgiza kai. Na durƙusa na dafa akwatin. Sama lafiya, amma ƙasa shiru kamar na dafa bango, ga kuma shuu-shuun nan a ƙarƙashin tafina. Mai hankali a nan zai ce a kashe a duba. Ni kuwa na miƙe na ce, "Tsoro kake ji, shi ya sa. Ƙara mata wuta!" Na kai hannu da kaina na murɗa amfilifayar har ƙarshe. Na ce, "Bugi babbar tsirkiya, da ƙarfi!"

Ya buga.

Fuf! Wani dunƙulen tsumma ya fito daga ramin gaba kamar an harbo shi, ya sauka a cinyar Hajiya Babba. Bayansa sai toka, turnuƙu guda, ta rufe kujerun gaba. Kuma ba toka kaɗai ba ce, da dakakken barkono a ciki. Hajiya ce ta fara atishawa, ta kusa da ita ta karɓa, kafin ka ce me layin gaba gaba ɗaya ya ɗauka. Wata na salati tana atishawa, wata na neman mayafinta ido a rufe, mawaƙin ƙungiyar ma da ya buɗe baki zai ba da haƙuri sai ya yi tasa a cikin makirufo, duk unguwa ta ji. Leshin Hajiya fari ya koma ruwan toka. Ni da na fi kowa kusa, hawaye har gemu.

Sale ya kashe fiyano. Bai ɗaga murya ba, ya ce, "Ɗanlami, naɗe wayarka. Na gode da shekarun da muka yi." Ɗanlami ya gyaɗa kai. Ya zare igiyar gita daga wuyansa, ya durƙusa ya fara naɗe waya a gwiwar hannu, a hankali, kamar yadda ya saba yi in an tashi daga biki lafiya. Wannan naɗin wayar shi ya karya mini zuciya, kunya ta rufe ni. Sai a lokacin, bayan ɓarna ta gama faruwa, na ji bugun Malam Iro a bayan hannuna.

Na ce, "Ɗanlami, ina akwatin nan ya kwana?"

Ya ɗago jajayen idanu ya ce, "A ɗakin Laure, bayan gado. Tun bara."

Na ce a miƙo tabarma. Na kwance sukurorin sifika ɗaya bayan ɗaya, na ciro ta na ajiye gefe, muka karkata akwatin mu biyu. Sai ga wake. Farin wake manya-manya, cuɗe da toka da barkono, yana ta kwarara kan tabarma shaaa, ya ƙi ƙarewa. Ya kusa kai rabin cikin akwatin.

Daga wajen tukwane muka ji ihu, "Wayyo irina! Ku yi a hankali, kada ku taka!" Sai ga Laure a guje da ludayi a hannu. Kwana biyu tana gidan gwaggonta tana aikin girki, ba ta san an fito da akwatin daga gida ba. Ta ture ni gefe ta durƙusa tana tattaro wanda ya gangara ƙasa.

Ɗanlami ya ce, "Laure, ke ce?"

Ta ce, "To wa? Kai da bakinka ka ce ko tururuwa ba ta shiga sai ta ramin gaba. Na ɗura ta ramin na toshe shi da tsumma. Shekara guda yana zaune ya cinye mini rabin ɗaki ba ya tsinana komai, ga iri ba wurin ajiya."

"Kina ji ina ta gwaji a zaure, ina zarya Funtua, ba ki faɗa mini ba?"

"Ka tambaye ni? Ni na ga kiɗan ta sama yake fita, waken kuwa yana ƙasa abinsa. Ina ruwan wani da wani?" Ta juyo kaina. "Kuma ai kullum ka dawo cewa kake Malam ya ce akwatinsa ba ya laifi."

Wannan ta same ni daidai. Na miƙe na dubi Sale, na dubi mata, na ce, "Jama'a, laifin nan nawa ne. Mutumin nan sau biyu yana zuwa har Funtua, ya ce mini akwatin ne, na hau shi da faɗa. Hannunsa lafiya lau, kaina ne ya yi girma."

Hajiya Babba ta taso tana share ido da gefen mayafi, kowa na jiran faɗa. Ta tsaya kan tabarma, ta sunkuya ta ɗebo wake cikin tafi, ta hure tokar, ta kai shi kusa da ido tana juyawa da yatsa. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce, "Laure, na yaushe ne wannan?"

"Tun kaka, Gwaggo."

"Tun kaka, ba huda ko ɗaya?" Ta juya ga sauran mata. "Ku zo ku gani. Ni nawa da na zuba a buhu da toka, ƙwari sun mayar da shi gari." Nan fa mata suka manta da atishawa, suka yi dafifi, kowa na ɗiba tana dubawa tana ba da labarin yadda nata ya ƙare. Hajiya ta ce a kawo kwarya da faifai, ba wadda za ta taka rawa a filin nan sai an kwashe irin yarinya tas. Manyan mata da leshi da gwala-gwalai suka durƙusa suna tsintar wake.

Ni kuwa na samu lokacin da nake nema. Na kakkaɓe audugar ciki, na bi bayan sifika da burushi a hankali don kada toka ta shige mata, na share ramin gaba, na mayar da sukurori na ɗaure tamau. Na rage wutar da na murɗa da hauka zuwa inda ya kamata. Na ce wa Ɗanlami ya warware wayarsa. Ya kalli Sale, Sale ya kau da kai.

Hajiya ce ta raba gardama. Ta koma kujerarta, ta gyara zama ta ce, "Kai mai fiyano, bar shi ya buga. Abin da ya sa mu kuka, ai sai mu ji muryarsa."

Sale ya kunna, ya fara da hannu biyu kamar ɗazu. Ɗanlami ya saɓa gita, ya jira waƙa ta zagayo, sannan ya shigo. Ni dai hannuna na kan akwatin, na ji shi tsaye ƙyam, iska na fita ta rami tana kaɗa mini ƙafar wando. Farantan da aka jera kan tebur suka fara 'yar ƙara, ruwan da ke cikin baho ya kama rawa. Wata tsohuwa a layi na biyu ta dafa ƙirji ta ce, "Yawwa, wannan shi ne!" Ta miƙe, na kusa da ita suka bi ta, sai guɗa. Hajiya Babba da leshinta mai toka ta shiga tsakiya.

Idona na kan hannun hagun Sale. Ya ci gaba da bi na ɗan lokaci, amma ko shi ba ya jin abin da yake bugawa. Can sai ya ɗaga hannun, ya dube shi, ya ɗora a cinya. Har aka kira magariba aka tashi bai mayar da shi ba. Da suna haɗa kaya na ji ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "Ɗanlami, Asabar akwai suna a Malumfashi. Ka zo da wuri, kuma ka leƙa cikin abin nan kafin ka taho." Ranar na fara ganin haƙoran Ɗanlami, ashe har wushirya gare shi.

Ina shirin tafiya Laure ta tare ni da kwaryar wake a ka. Ta ce, "Malam, kun mayar wa maigida da akwatinsa, ni kuma fa? Damina da saura, ina zan kai wannan?" Gaskiyarta ce. Na dawo Funtua na haɗa mata nata, katako iri ɗaya, liƙi iri ɗaya, ba sifika ba rami, sai murfi mai roba a baki. Na bi shi da kyandir kamar yadda na bi na mijinta. Ba a yi wata ba Hajiya Babba ta aiko a yi mata biyu, daga nan matan Dayi suka buɗe mini ƙofa, har daga ƙauyukan Malumfashi ake aikowa, kuma kowa cewa take a yi mata "akwatin bes irin na Laure". Kafin bukukuwa su dawo sosai, su ne suka riƙe shagon nan. Waɗancan huɗun da kuke gani a jingine, ba na kiɗa ba ne, kada wani ya je neman wurin jona waya.

Ɗanlami har yau yana bayan Sale, kuma duk kaka sai ya aiko mini da wake, a cewarsa wai don in riƙa tunawa. Kamar zan manta.

Saboda haka kai mai ɗora ƙafa kan benci, ranar da akwatinka na roba ya fara kuka ka kawo mini shi, kada ka tsaya karanta mini lambar da ke jikinsa. Ka gaya mini inda ya kwana. Kuma kafin ka taho, ka tambayi innarka ko ta ajiye wani abu a ciki.